Abin da matasanmu suke tsallakewa a labarin makiyayin Andalus

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi tsokaci a kan wani littafin ƙagaggen labari da ya samu karɓuwa a wurin matasanmu masu karatun boko, wato The Alchemist na Paulo Coelho, marubuci ɗan ƙasar Barazil. Littafin ya fara fitowa cikin harshen Fotugal a 1988, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1993, daga nan kuma ya bazu cikin gomman harsuna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda magana guda ɗaya daga cikinsa ta danne sauran littafin, wato cewa idan mutum ya ƙudurta neman abu da gaske, duniya gaba ɗaya za ta haɗa kai ta taimake shi ya samu. Ita ake liƙawa a Facebook da WhatsApp, ita masu laccar zaburar da matasa suke maimaitawa, har ta kai yaro yana kafa hujja da ita a gaban mahaifinsa idan yana son barin makaranta ko sana'ar gidansu. Ni kuwa a ganina labarin da kansa ya fi wannan magana hankali nesa ba kusa ba, kuma wanda ya karanta shi daga bango zuwa bango ba zai fito da wannan darasi mai arha ba.

Ga wanda bai karanta ba, labarin wani saurayi ne mai suna Santiyago, makiyayin tumaki a yankin Andalus na ƙasar Sifen, wanda ya kwana a kangon wata majami'a da bishiyar ɓaure ta tsiro a cikinta, ya sake yin wani mafarki da ya taɓa yi, cewa akwai dukiya da take jiransa a gindin dalar Masar. Ya sayar da garkensa, ya ƙetara ruwa zuwa Tanja ta ƙasar Maroko, ya bi ayari ya ratsa Sahara, ya sauka a dausayin Fayum inda ya haɗu da wata budurwa Fatima da kuma masanin da yake mayar da dalma zinariya, ya isa dala a ƙarshe, sai ya gano cewa dukiyar tana binne ne a kangon da ya baro a gida.

Wurin da nake so masu karatu su tsaya su duba da kyau shi ne Tanja. A ranar da yaron ya sauka a birnin, bai iya Larabci ba, bai san kowa ba, sai ya saki jiki da wani saurayi don kawai ya ji shi yana magana da harshensa, ya danƙa masa kuɗin tumakinsa kaf. Suna tafe cikin kasuwa idonsa ya sauka a kan wani takobi mai kyau da aka rataye, kafin ya waiwayo abokin tafiya ya yi layar zana. Ya kwana a kasuwa ba ko anini. Da gari ya waye ya hau wani tudu inda shagon wani mai sayar da kayan gilashi yake, shagon da ciniki ya daɗe da ƙaurace masa, ya ce zai goge kofunan da suka yi ƙura a ba shi abinci. Bai jira amsa ba ya ciro rigarsa ta sama daga jakarsa ya hau gugar kofuna da ita. Daga nan aka ɗauke shi aiki a kan la'ada, kuma ya yi kusan shekara guda a wannan shago. A cikin wannan shekara ya koyi Larabci, ya lallashi maigidansa aka yi abin baje kaya a waje domin masu wucewa su gani, sannan da ya lura cewa masu hawa tudun suna isowa da ƙishirwa, ya kawo shawarar a riƙa sayar musu da shayi cikin kofunan gilashin, wanda ya sha ya yi sha'awar kofi ya saya. Da ya tashi tafiya, abin da ya tara ya isa ya sayi ninkin garken da ya rasa.

To, a nan ina duniyar da ta haɗa kai ta taimake shi? Abin da na gani shi ne yaro da aka damfara saboda gaggawa da rashin sanin gari, ya haɗiye baƙin cikinsa, ya kama aikin da bai taɓa mafarkinsa ba, ya sa ido a kan abin da masu saye suke bukata. Da ba don wannan shekara ba, da ba shi da kuɗin shiga ayari, ba shi kuma da harshen da zai yi magana da madugu ko da mutanen dausayi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan babi na Tanja fafe gora ne daga farkonsa har ƙarshensa. Amma da yake babu abin burgewa a gugar kofi, ba za ka ga kowa ya ciro shi ya liƙa a shafinsa ba.

Akwai kuma abin da yaron ya fito da shi daga gida, wanda ake mantawa. Ya yi karatu a makarantar horar da limaman Kirista har ya kai shekara 16, ya iya karatu da rubutu a zamanin da makiyaya ba su iya ba, mahaifinsa ya ba shi tsabar zinariya uku ya sayi tumaki, garkensa ya kai 60, kuma babu wanda yake jiran ya kawo cefane. Saurayin da yake Gusau ko Maraɗi, wanda mahaifinsa ya tsufa, ƙannensa biyar suna kallon hannunsa, ba daga wuri ɗaya suka tashi da Santiyago ba, kuma zalunci ne a ce masa tsoro ne kaɗai ya hana shi bin burinsa. Shi kansa marubucin an haife shi ne a 1947, ya yi shekaru yana rubuta wa mawaƙa baitoci kafin ya shiga rubutun littafi gadan-gadan, wannan littafi ya fito yana da shekara 41, kuma bugun farko bai yi kasuwa ba har kamfanin da ya buga shi ya janye.

Mutumin da ya fi tsaya mini a rai a littafin shi ne mai shagon gilashin. Musulmi ne mai riƙo da addini, babban burinsa ya je Makka, yana ganin mahajjata suna wucewa ta ƙofar shagonsa shekara da shekaru, har da waɗanda ya fi su wadata. Da ciniki ya buɗe, yaron ya tambaye shi me zai hana ya tafi yanzu, sai ya amsa cewa tunanin Makka shi ne yake riƙe da shi a raye, yana tsoron idan ya je ya dawo ba shi da sauran abin da zai sa a gaba. Marubucin ya kawo shi ne a matsayin misalin wanda ya gwammace mafarki a kan cikarsa, kuma a nan na yarda da shi, domin irin wannan mutum yana cikinmu: mai cewa zai koma makaranta baɗi, mai cewa zai buɗe shagonsa idan abubuwa sun daidaita, alhali halin ya samu tun tuni, zuciya ce ta ƙi.

Sai dai Bahaushe ba ya bukatar ya je Barazil kafin ya ga kishiyar wannan ɗan kasuwa, domin kakanninmu sun yi wannan tafiya da ƙafa. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, maniyyaci yakan bi ta Borno, ya shiga Chadi, ya ratsa Darfur da Kurdufan, ya kai gaɓar Bahar Maliya a Sawakin ko Fot Sudan, sannan ya ƙetara zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, saboda duk inda guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi noma ko dako ko ɗinki ko koyar da allo, a tara abin da zai kai mutum zango na gaba. Da yawa sun yi ƙodago a gonakin audugar Jazira ta ƙasar Sudan da aka buɗe a 1925, wasu sun isa Makka sun dawo, wasu sun zauna a Sudan, kuma zuriyarsu tana can har yau. Garin Mai Wurno da yake bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. Waɗannan bayin Allah sun bi buri da gaske, kuma hanyar da suka bi ita ce ta shagon Tanja, wato aiki a kowane zango.

Ina jaddada wannan ne saboda hamadar da take cikin littafin ba ita ce hamadar da matasanmu suke shiga ba. A littafi ayari yana da madugu da raƙuma da rijiyoyin da aka sani, kuma marubuci ba zai bar tauraron labarinsa ya mutu a shafi na tsakiya ba. A watan Oktoba na 2013 kuwa an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Nijar da Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace, kuma akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito. Talauci ne ya kore su, ba littafi ba, kuma ba na ɗora wa marubucin alhakinsu. Abin da nake cewa shi ne duk mai tsayawa gaban matasa yana gaya musu cewa hanya za ta buɗe da kanta muddin sun yi niyya, ya kamata ya san irin hanyar da wasu daga cikin masu sauraronsa suke tunanin bi.

Ta fuskar aƙida ma akwai inda mai karatu Musulmi zai yi hattara. Yaron ya kai mafarkinsa wurin wata tsohuwa mai duba, yana ɗauke da wasu duwatsu biyu na neman ishara, kuma littafin yana magana a kan wani ruhin duniya da yake amsa wa mai nema. Wannan falsafar marubucin ce, ana iya karanta ta a matsayin adon labari ba tare da an ɗauke ta addini ba. Mu abin da aka koya mana ya fi wannan sauƙi da nauyi: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah, kuma babu alkawarin cewa duk wanda ya ɗaure zai samu abin da ya so. Ko Santiyago sau uku ana raba shi da dukiyarsa, na ƙarshe ma har da dukan kawo wuƙa a gindin dala.

Ba zan ɓoye ba, matsayin Fatima bai gamsar da ni ba, domin iyakar abin da aka ba ta shi ne ta zauna a dausayi ta jira namiji ya je ya cika burinsa ya dawo, kuma ban ga abin da ɗaliba mai son zama likita za ta ɗauka daga nan ba. Haka kuma burin yaron na kansa ne shi kaɗai. Idan aka ajiye shi kusa da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, za a ga tauraron labarin, Alhaji Imam, ya sha wahalar duniya ne yana neman ruwan da za a warkar da ɗan sarki da shi, wato ya fita ne domin wani. Ƙashin bayan labarin Coelho ma ba baƙo ba ne a wurinmu, domin yana cikin Dare Dubu da Ɗaya: mutumin Bagadaza da ya yi mafarkin arzikinsa yana Alƙahira, ya je ya sha duka a hannun masu tsaron gari, sai shugabansu ya yi masa dariya ya ba shi labarin nasa mafarkin, wanda ya kwatanta gidan mutumin na Bagadaza daidai.

Roƙona ga jaridarku shi ne ta riƙa ba da fili ga sharhin littattafai irin wannan da Hausa, sharhin da zai bi labari babi-babi ya auna shi, maimakon a bar matasa da guntayen maganganu da ake yawo da su a waya. Ina kuma kira ga marubutanmu da ɗaliban sassan Hausa da tarihi na jami'o'inmu da su nemi dattawan da suka yi aikin hajji ta ƙasa, ko 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu, a Kano da Maiduguri da Damagaram da Sudan, su ɗauki labarinsu a rubuce tun suna da rai.

Wassalam.

Malamin makarantar sakandare,
daga Katsina.