A Ba Mu Cikakken Tarihin Alƙali Harlan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon shafinku na tarihi ya waiwayi John Marshall Harlan, alƙalin Kotun Ƙolin Amurka daga 1877 zuwa 1911. Mutane da dama na ganin wanda ya fito daga siyasa ba zai iya adalci a kujerar shari'a ba. Ban yarda ba, kuma rayuwar wannan mutum ce hujjata.

An haife shi a jihar Kentucky a 1833, a gidan masu bayi. Lauya ne, ɗan siyasa kuma na gaske. Ya yi kanar a rundunar gwamnatin tarayya lokacin yaƙin basasan Amurka, ya riƙe muƙamin babban lauyan jiharsa daga 1863 zuwa 1867, kuma a shekarun nan a fili yake adawa da gyaran tsarin mulkin da ya haramta bauta. Daga baya ya koma jam'iyyar Republican, ya nemi gwamna a 1871 da 1875, duka ya sha ƙaye. Shugaba Hayes, wanda Harlan ya taimaka masa ya samu takara a 1876, shi ya naɗa shi alƙali. Mai cewa ladan siyasa ne bai yi ƙarya ba.

To amma a 1896 sai ga ƙarar Homer Plessy, mai jinin baƙar fata, wanda aka kama a jihar Louisiana don ya zauna a taragon fararen fata na jirgin ƙasa. Alƙalai 7 suka ce raba fasinjoji bisa launi halal ne muddin wuraren daidai suke. Harlan kaɗai ya ƙi. Ya rubuta cewa tsarin mulki bai san launin fata ba, kuma hukuncin zai zama masifa irin ta shari'ar Dred Scott, wadda a cikinta kotun ta taɓa cewa baƙar fata ba za su zama 'yan ƙasa ba. Haka ya tsaya shi kaɗai a 1883 da kotun ta soke dokar da ta hana wariya a masaukai da jirage. Wannan jarumta na taɓa zuciyata, don tsohon mai bayi ne ke faɗa wa abokan aikinsa gaskiya. Sai a 1954 kotun ta haramta wariya a makarantun gwamnati.

Idan kun tashi rubutun, don Allah kada ku wanke Harlan tas. A cikin ra'ayin da ya rubuta a shari'ar nan ta 1896 ya yi wa 'yan China kalaman ƙyama, a 1899 kuma ya rubuta hukuncin da ya ƙyale rufe sakandaren baƙar fata a Georgia. Ɗaliban shari'armu na buƙatar jin duka.

Naku,
Mai karatu daga Zariya