A raba asusun mai iko da na kowa a kwamfutocin makarantu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu makarantu da shagunan buga takardu. Sau da yawa kwamfuta mai Windows 10 ko 11 asusu ɗaya tal gare ta, mai cikakken iko, kuma da shi kowa ke shiga.

Yaro ya soka filashi mai cuta, ya buɗe manhajar da ke ciki, akwatin neman izini ya fito, ya danna amincewa ba a tambaye shi kalmar sirri ba. Shi ke nan, manhajar ta samu damar taɓa fayilolin Windows kansa.

Gyaran bai kai minti 10 ba. A fara buɗe asusu na biyu mai cikakken iko, mutum ɗaya ya riƙe kalmar sirrinsa, a shiga a tabbatar yana aiki. Sannan a danna maɓallin Windows da R, a rubuta netplwiz, a mayar da tsohon asusun ya zama na gama-gari, wato marar cikakken iko, wanda ba ya ba da izini sai da kalmar sirrin mai iko. Don Allah kada a fara da wannan na ƙarshe: wanda ya rage ikon asusunsa tilo, ba zai ƙara iya saka manhajar da ke neman izini ba.

Sai dai Chrome da Zoom kan iya sauka ko a asusun gama-gari, don haka a riƙa duba jerin manhajoji duk wata.

Wassalam,
Mai gyaran kwamfuta, Kano