Sabuwar allurar miyastiniya da haɗarin sanƙarau

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin masu jinyar ciwon da likitoci ke kira miyastiniya, wanda mutanenmu kan ɗauka sammu ne. Mai shi yakan tashi garau da safe, kafin la'asar fatar ido ta sauko, ya riƙa ganin abu bibbiyu, tauna nama ma ta gagare shi.

Ni mai harhaɗa magunguna ne a Gusau. Kwanan baya wani bawan Allah ya nuna mini hoton allurar eculizumab a wayarsa, wai zai jinginar da gona a kawo wa ƙanwarsa ita daga waje. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A jininmu akwai furotin sama da 30, yawancinsu daga hanta, da ake kira kwamfilimen. Idan garkuwar jiki ta shaida ƙwayar cuta, sai su tashi, wannan na tayar da wancan, har na ƙarshe, C5 zuwa C9, su huda ta. A miyastiniya garkuwar ce ke ɓatan kai, ta shaida mahaɗar jijiya da tsoka, su kuwa furotin ɗin ba ruwansu da tambaya, sai ɓarna. Ita allurar tana toshe C5 ne don ta hana wannan hudawar, kuma Amurka ta amince da ita ga wannan ciwo a 2017. Tana aiki, ban musa ba.

Sai dai wannan hudawar ita ce babban makamin jiki a kan ƙwayar sanƙarau. Bazamfare kuwa ba a ba shi labarin sanƙarau, annobar 2017 daga jiharmu ta faro. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a yi rigakafin sanƙarau aƙalla mako 2 kafin a fara, kuma ko an yi, haɗarin bai kau duka ba. Ga shi ba allurar sha-yanzu-magani-yanzu ba ce: ta jijiya ake ɗura ta duk bayan mako 2. Gona nawa ke nan?

Masu ciwon da yawa suna samun sauƙi da pyridostigmine da prednisolone a hannun likita. A fara da ganin likitan jijiyoyi, ko da sai an je Sakkwato, a yi gwajin jini. Wanda kuma ya riga ya fara allurar, in ya ji zazzaɓi da ciwon kai ko wuya ya sanƙare, kada ya kwana a gida.

Naka,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Gusau