Zuwa ga Bazazzagin da ya ɓace a Malesiya

Mutumina, assalamu alaikum.

Ya karatu, ya madam da yara? Nan hunturu ya shigo da ƙarfinsa, hazo ya rufe gari, leɓe duk ya tsage, kai kuwa na san kana can ruwa na dukanka safe da yamma kana cika baki wai ka saba. Na ji saƙon muryarka tun tuni, kar ka ce na share ka, makin ne ya danne ni, takardun 'yan aji biyu har ƙarƙashin gado na tura wasu saboda Auta ta fara yi musu zane da biro. Maganar ginin naka da ka tambaya sai wani karon, bari in fara sauke abin da ke cina tukuna.

Ka dai ji abin da ministan ilimi Tunji Alausa ya yi a watan Nuwamban 2025 ko? A taron British Council, hukumar raya al'adu da ilimi ta Birtaniya, a Abuja ya tashi ya ce an soke manufar koyarwa da harshen uwa, an koma Turanci tun daga rabin aji har jami'a. Manufar nan da tsohon ministan ilimi Adamu Adamu ya sanar a ƙarshen 2022, wadda ta ce a koyar da yaro da harshen gidansu shekara shida na firamare, wadda ni kuma na ɗora bincikena kacokan a kanta. Ina ofis wani ɗalibina ya turo min labarin a WhatsApp har da alamar dariya, wai Malam an rushe maka babi na biyar. Yaran yanzu ba kunya wallahi.

Sokewar ma da sauƙi, gwamnati ce, yau ta ɗaura gobe ta kwance, mun saba. Hujjar ce ta hana ni barci. Wai an duba sakamakon WAEC da NECO da JAMB an ga inda aka rungumi harshen uwa nan aka fi faɗuwa. Don Allah kai da ka yi lissafi a sakandare, ko da yake lissafin Zazzagawa sai a hankali, yaron da ya shiga aji ɗaya bayan an sanar da manufar nan aji nawa yake lokacin da aka soke ta? Ko aji huɗu bai kai ba, haƙoran gabansa ma ba su gama fitowa ba, yaushe ya zauna WAEC har ya faɗi? Waɗanda suka faɗin ai a tsohon tsari suka taso. Sannan shi kansa Adamu Adamu ranar da ya sanar ya ce aiwatarwa sosai sai an samar da littattafai da malaman da aka horar, to ina littattafan, ina horon? Abin da ba a gwada ba ne aka fito aka ce ya gaza.

Kuma kai ka sani wannan ba sabuwar magana ba ce. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara da harshen gida, daga baya aka fayyace shekara uku na farko, aji huɗu a koma Turanci. Masanin ilimin nan Farfesa Babs Fafunwa kuwa tun 1970 ya fara gwajinsa a Ife da Yarabanci, shekara shida cur yara na koyon komai da harshensu, Turanci darasi ne kawai a cikin darussa, kuma da aka gwada su da sauran yaran sauran ba su baro su a baya ba har a Turancin. Mutumin nan har ministan ilimi ya yi daga 1990 zuwa 1992. Kai ne fa kake kwana da takardunsa lokacin da muke digiri na biyu a ɗakin nan mai yoyo, har mutumin naka mai Vespa ya sa maka suna Jikan Fafunwa. Af, ya sake aure, ka ji? Ta ukun ce, kuma har yanzu Vespar ce dai, ya ce ita kaɗai ce ba ta taɓa yi masa yaji ba.

Bari in ba ka abin da idona ya gani, don ka san ba ɗacin babi na biyar ke sa ni magana ba. Wata firamare a bayan gari, aji uku, yara zaune a ƙasa kan buhunan da suka zo da su daga gida, malamar ta rubuta jimla uku na Turanci a allo kan sassan tsiro, saiwa da kara da ganye, ta karanta suka amsa da ƙarfi kamar ginin zai tsage, ta sake suka sake. Ta juyo ta yi bayanin duka da Hausa, nan fa aji ya farka, wani yaro har yana gardama wai rogo saiwarsa ake ci, dankalin Turawa kuma ya ji an ce ba saiwa ba ne, ita kanta malamar sai da ta tsaya tana dariya. Da aka tashi na kira wata yarinya da ta fi kowa ɗaga murya, na nuna mata kalmar farko a allon na ce karanta min wannan ita kaɗai, ta kalle ni ta kalli allo ta fara rero jimlar tun daga farko. Na rubuta mata "kaza" a littafina da manyan baƙaƙe, shiru. Ba Turancin ba Hausar. To wannan ajin a wane layi za a sa shi, cikin masu koyarwa da harshen uwa ko masu Turanci? Allo da jarrabawa Turanci, baki Hausa, littafi babu ko ɗaya sai na malama, shi ma na aro ne. Haka ajin yake kafin 2022, haka yake bayanta, kuma na rantse maka malamar nan ba wanda ya taɓa kawo mata takarda cewa an kafa wata manufa balle a zo a ce mata an soke.

Inda aka ɗan taɓa abin da gaske, irin littattafan Mu Karanta da aka raba a Bauchi da Sakkwato da kuɗin USAID, hukumar tallafin Amurka, ko shirin koyar da karatu na RANA a Katsina da Zamfara, ai can ya kamata a je a auna a ga me ya fito, tunda can ne aka ba yaro littafin Hausa a hannu aka kuma koya wa malami yadda zai yi da shi. To ita USAID ɗin ma an rufe ta a 2025. Ga maƙwabtanmu Nijar a 2025 ɗin suka ayyana Hausa harshen ƙasa, mu kuma muka juya baya, duk da su ma ina jira in ga ko abin zai sauka daga takarda ya shiga aji.

Ba na cewa iyaye ba su da gaskiya fa. Direban da ke kai ni ƙauyukan nan ya ce min Malam ni Hausa a gida na koya wa ɗana kyauta, Turanci na kai shi ya koyo don shi ake tambaya a wurin neman aiki, kuma ku masu wannan magana ina naku 'ya'yan suke karatu? Na yi shiru ina kallon taga, don ka san makarantar da Auta take, har tarar naira hamsin suke ci in yaro ya yi Hausa a aji. Uwargida ta ce in na kuskura na kai bincikena makarantar nan sai dai in nemi inda zan ci tuwon dare.

Oga kuma ya ce in kwantar da hankalina in sauya taken kawai, in sa "darussa daga manufar da aka soke", wai haka ma ya fi jan hankalin 'yan jonal ɗin waje. Wataƙila yana da gaskiya, takarda biyu suka rage min kafin in nemi ƙarin girma, kuma kuɗin bugawar da dala ake biya, albashin kuwa ka san shi, sha biyar ga wata ya zama tarihi. Na wata uku da rabin nan da aka riƙe mana na yajin aikin malaman jami'a na 2022 har yau muna jiran tsammani, a Oktoban 2025 ma sai da aka ɗan yi na gargaɗi. Ofis ba wuta tun safe, a shagon mai shayin bakin get nake cajin kwamfuta, shi ma ya fara tambayata yaushe zan zama farfesa ya ƙara min kuɗin caji. Yana gaishe ka, ya ce bashin indomi biyu na nan a rubuce.

Yanzu ga aikin da zan ba ka, kuma kar ka ce min sifabaiza ya matsa maka, na ga hotunanka a bakin teku. Su Malesiya a 2003 suka koma koyar da lissafi da kimiyya da Turanci, a 2009 suka ce sun fasa za su dawo da harshensu, saboda yaran karkara aka bari a baya kuma malaman da yawa Turancin bai zauna musu ba. Ka shiga laburarenku ka samo min rahotannin da suka dogara da su kafin su yanke hukuncin, musamman yadda suka auna yaran ƙauye daban da na birni, in na harshensu ne ka sa wani abokin karatunka ya taƙaita maka, ni dai ina so kafin ƙarshen wata. In za ka turo ka rage musu nauyi, data ta yi tsada.

Ka gaida madam, ka ce mata uwargida ta samu mai zuwa a Janairu, za ta ba shi daddawa da kuka da yajin, amma kilishi ta ce sai ka turo kuɗinsa tukuna.

Naka,
Bakanon da ya fi ka