Kada mu riƙa danna "Eh" idan kwamfuta ta yi gargaɗi kan imel

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka. Ni mai gyaran kwamfuta ne a Birnin Kebbi, kuma akwai wata ɗabi'a da nake gani a ofisoshinmu wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Watan jiya wani Alhaji dillalin shinkafa ya kira ni ofishinsa. Ta imel yake tura farashi da lambar asusu ga masu saye a Legas da Kano, da manhajar Outlook a kan tsohuwar kwamfutar tebur. Yaron ofishin ya ce kullum da safe wani akwati kan fito a allo, yana cewa ba a iya tantance takardar shaidar tsaro ta sabar imel (babbar kwamfutar da wasiƙu ke bi ta cikinta) ba, ko za a ci gaba? Na ce, "To kai me kake yi?" Ya ce, "Malam, Eh nake danna masa, sai ya wuce." Wata uku ke nan yana haka.

Na duba agogon da ke ƙasan allo, sai ga shekarar 2012. Na kwance murfin kwamfutar, na kaɗe ƙurar hunturu, na ciro ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe lokaci idan babu wuta. Ya mutu murus. Duk sa'ad da aka ɗauke wuta sai agogo ya koma baya. Ita kuwa takardar shaida tana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, don haka kwamfutar take ganin lokacinta bai zo ba. Sabon batiri da gyaran agogo, shi ke nan akwatin ya daina fitowa.

Alhaji ya yi hamdala, amma ni hankalina bai kwanta ba. Wannan takarda ita ce katin shaidar da saba ke nuna wa kwamfutarka, cewa ni ce wadda kake nema, ga sa hannun hukumar da ta tantance ni. Ranar da ɓarawo ya shiga tsakaninka da sabar, wannan akwatin dai shi ne zai fito. Hannun da ya saba da danna Eh zai miƙa masa kalmar sirri ba tare da ya sani ba. Daga nan sai ya zauna yana karanta wasiƙunka, ya jira ranar ciniki, ya sauya lambar asusu. Kuɗin tirelar shinkafa ake magana.

Ba kullum batiri ne ba. Wani lokaci sunan sabar da aka rubuta a saituna ne bai dace da wanda ke kan takardar ba. Wani lokaci kuma tsufan kwamfutar ne: Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, kuma a ranar 30 ga Satumban 2021, da wata tsohuwar takardar tushe (uwar takardun shaida) da Let's Encrypt, wata hukumar ba da irin waɗannan takardu, ke dogaro da ita ta ƙare, na'urori da dama da ba a sabunta ba suka fara irin wannan kukan.

Da na yi wa Alhaji bayani, sai ya ce yana son abin da zai tabbatar wa abokan cinikinsa cewa saƙo daga gare shi ya fito. Wannan kuma takarda ce ta daban, ta mutum shi kansa, tsarin da ake kira S/MIME. Tana zuwa a fayil mai ƙarewa da .p12 ko .pfx, da kalmar sirrinta. Outlook a ma'ajiyar Windows yake nemanta, shi kuwa Thunderbird, wata manhajar imel ta daban, ma'ajiyarsa daban ce, sai an shigar masa da ita a can. Nan ne mutane ke yawan tuntuɓe. Dole adireshin imel ɗin da ke kan takardar ya zama shi ne wanda ake turawa da shi. Kuma sa hannu daban, kulle saƙo daban: ba za ka iya kulle wa mutum saƙo ba sai kana da tasa takardar, shi ya sa ake fara musayar saƙo mai sa hannu tukuna.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ɓatan makullin buɗe saƙo, wanda ke cikin fayil ɗin takardar. Na taɓa ganin ofishin da aka goge kwamfutarsu aka sake zuba mata Windows, ba wanda ya ajiye wancan fayil. Duk wasiƙun da aka kulle musu suna nan a akwati, amma babu mai iya buɗe su, har wanda ya ba da takardar. Don haka na kwafe wa Alhaji nasa a filashi, ya jefa a durowar da yake ajiye takardun fili, na ce ko wa'adinta ya ƙare kada ya goge.

Roƙona ga 'yan'uwana masu gyara, daga nan har Jega da Argungu da Yauri, mu daina ce wa masu kawo mana aiki su danna Eh don mu huta. Kai kuma Edita, ka ware mana shafi ko sau ɗaya a wata da za a riƙa fassara waɗannan gargaɗi da Hausa. Yaron nan ba sakarai ba ne, Turancin akwatin ne bai gane ba, kuma ba wanda ya taɓa zama ya gaya masa.

Wassalam.

Naka,
Mai gyaran kwamfuta,
Birnin Kebbi.