Wasiƙa daga Jos: Suna Son Su Mai da Littafin Fim

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Hunturu ya sauko mana Jos da ƙarfinsa, ruwan alwalar asuba sai an ɗumama, amma na san sanyin Landan ya fi namu, don haka ba zan yi maka kuka ba.

Kasa jira na yi sai ka kira. Littafina na binciken kisan kai da ka karanta rabi ka ce za ka ƙarasa "gobe", har yau goben ba ta yi ba, wani furodusa ya karanta shi tas, ya zo har gida Anguwan Rogo ya ce yana son ya yi fim mai dogon zango da shi. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Da muka sake zama kuma sai murna ta koma ciki.

Ya ce a nuna wanda ya yi kisan tun kashi na farko, wai masu kallo a waya ba su da haƙurin jira. Wannan zan iya yarda. Ka tuna littattafan James Hadley Chase da muke saye gwanjo a kasuwar Terminus kafin gobarar 2002? Sau da yawa da mai laifin ake fara labarin, kana biye da shi kana kallon yadda kwaɗayi ke jan sa zuwa halaka, kuma ba ka iya ajiyewa. Agatha Christie ce ke ɓoye shi sai shafin ƙarshe. Duka hanyoyin biyu suna aiki. Af, tunda ƙasarsa kake, ka san Chase ɗan Landan ne, an haife shi 1906? Amurkar da muka haddace a littattafansa, da taswira da ƙamus ɗin karin maganar Amurkawa ya fara gina ta. Mu kuwa muna Gangare muna jin kamar mun san kowane lungu na can. Kai har tafiyarka ka sauya lokacin, kar ka musa, Dogo shaida ne.

Abin da ya hana ni barci shi ne tsohon. Yana so a cire tsohon akawun kotun nan mai ritaya da ke binciken kisan a littafin, a sa matashin ɗan sanda kyakkyawa, ya faɗa soyayya da 'yar mamacin, har da waƙa a kan duwatsun Shere. To ni littafin gaba ɗaya a kan tsohon ya tsaya. Ka san mutanenmu: motar 'yan sanda na shigowa layi, kowa bai gani ba, bai ji ba. Amma tsoho da carbinsa, wanda ke zama wurin ta'aziyya har sadakar uku, wanda ya san wane ya sayar da filin marayu da wane ya sa hannu a takardar, shi ake gaya wa magana ba tare da an san an gaya masa ba. A labarin, gawar da aka tsamo a kududdufin kuza na wajen Bukuru, kowa a unguwar ya san hannun wa ke ciki. Abin da nake bi shi ne dalilin da ya sa suka yi gum, har da limamin. In aka sa matashi mai bindiga yana bin mutane da mota, an koma kwaikwayon Amurka, wannan shirun kuma ya ɓace. Tun 1982 Sulaiman Ibrahim Katsina ya nuna a littafinsa Turmin Danya cewa fasa-ƙwauri da cin hancin namu sun ishe mu labari, ba sai mun yi aro ba.

Kafin in manta, Dogo ya ƙara aure, kuma amaryar 'yar gidan mai kosan nan ce. Goggo ta ce in gaya maka man zafin ya ƙare. Dankali ya yi tsada bana har a Farin Gada, abin ba a cewa komai.

Na je wajen wani malami a makarantar koyon fim da ke nan Jos, ya ce in nemi a rubuta a yarjejeniya cewa da ni za a tsara labarin, kuma kada in sayar da haƙƙin littafin kacokan, na fim ɗin kawai, na wasu shekaru. Furodusan bai ƙi ba, amma a kan tsohon ya kafe. Kuɗin kuma ba kaɗan ba ne, ga kuɗin makarantar yara na jiran mu a Janairu.

Don Allah ka ƙarasa karatun a makon nan, musamman babin da tsohon ya je gidan gwauruwar, ka gaya mini tsakani da Allah ko zai iya riƙe mai kallo. In za ka zo da Sallah kuma, ka duba mini tsofaffin Chase a shagunan gwanjonku, nawa duk ara aka yi ba a dawo da su ba, biyu ma suna wajenka.

Ka gaida uwargida.

Naka har kullum,
Abokinka na Anguwan Rogo