Kalmar "look" da 'yan rakiyarta: inda ɗalibai ke zubar da maki a Turanci

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarku domin mu ja hankalin ɗalibai da 'yan uwanmu malamai kan wata matsala ta Turanci da ke cin makin yara a ɓoye. Matsalar ita ce yadda aikatau ɗaya ke sauya ma'ana da zarar an jingina masa 'yar ƙaramar kalma irin "at", "for", "after" ko "up". Za mu tsaya kan "look" kaɗai, don kowane yaro ya san ta tun firamare, kuma wannan sanin ne ke yaudararsa.

An gaya wa yaro cewa "look" duba ne, ya riƙe haka. To amma "look at" kallo ne, "look for" nema, "look after" kula da mutum ko abu, "look into" kuwa bincike. Wurin da Hausa ta ware aikatau huɗu, Turanci ya ɗauki guda ɗaya ya haɗa shi da 'yan rakiya huɗu. Bai kamata Bahaushe ya ga baƙon abu a nan ba. Wa ya taɓa neman cokali don an ce wani ya ci amana, ko ya ci bashi, ko ya ci jarrabawa? Kalmar da ta biyo bayan "ci" ita ke yanke hukunci. Saboda haka a koyar da "look for" a matsayin kalma guda mai ma'anar nema. Haddace jerin ƙananan kalmomi daban, da jerin aikatau daban, ba ya kai yaro ko'ina.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yar da 'yar rakiyar gaba ɗaya. Yaro zai rubuta "I am looking my pen". Dalilin a bayyane yake: a Hausa cewa muke yi "ina neman birona", babu wata kalma tsakanin nema da abin da ake nema, sai ya kwashi ginin jimlar yadda yake ya kai Turanci. Daidai shi ne "I am looking for my pen". Haka "look me" daga "dube ni" ta fito, alhali "look at me" ake cewa. Wanda ya musanya wata 'yar rakiya da wata kuma ya fi shiga uku. "She looks after her mother" na nufin tana kula da mahaifiyarta, amma "she looks for her mother" na nufin uwar ta ɓata ana cigiya.

Inda muka fi son a daɗe shi ne "look forward to", wato ɗokin zuwan abu, domin da ita ake rufe kusan kowace wasiƙar neman aiki ko ta hukuma. Mafi yawan masu rubutu, har da waɗanda suka gama jami'a, suna sa "I look forward to hear from you". Ba daidai ba ne. "Hearing" ake sawa. Abin da ke rikita mutane shi ne Turanci yana da "to" iri biyu. Akwai wadda ke zuwa gaban aikatau tsurarsa, kamar a "I want to go". Akwai kuma wadda suna take nema a bayanta, kamar a "I went to Kano". Ta cikin "look forward to" iri na biyu ce. Ga gwaji mai sauƙi: a sa suna bayan "to" ɗin a ji. "I look forward to your reply" ta zauna daram. "I want to your reply" ba ta zauna ba. Duk inda suna ya zauna, to aikatau ba zai shiga wurin ba sai ya ɗauki "-ing" a ƙarshensa. Da wannan gwajin za a gyara "object to" da "be used to" ma, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Sai batun inda ake ajiye karɓau, wato abin da aikin ya faɗa a kansa. "Look up" na nufin duba kalma a ƙamus ko lamba a waya. Idan karɓau suna ne, yana iya zama a ƙarshe ko a tsakiya: "look up the word" da "look the word up" duk sun yi. Idan wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya: "look it up", ba "look up it" ba. Amma "look after", "look for" da "look into" ba a raba su ko kaɗan: "look after him", "look into it". Masu kalmomi uku ma haka suke a dunƙule. "Look up to" ganin girman mutum ne, "look down on" raini. Idan aka manta "to" aka ce "I look up my father", an koma neman uban a cikin littafin adireshi. Kunne ma yana taimakawa: a "look it up" murya kan "up" take sauka da ƙarfi, a "look at it" kuwa ƙarfin na kan "look".

Ƙamus ya riga ya yi wannan aikin, ba a dai nuna wa yara ba. A ƙamus ɗin Oxford na masu koyo, wanda ke cikin ɗakunan karatu na makarantu da yawa, ana sa kibiya mai kai biyu tsakanin karɓau da 'yar rakiya idan ana iya juya su. In babu kibiyar, kada a juya su.

Akwai wata tambaya da ta zama ruwan dare a bakin mutane: "How does he look like?" Jimloli biyu ne aka cakuɗa. "What does he look like?" tana tambayar kamanni, dogo ne ko gajere. "How does he look?" tana tambayar yanayi, irin abin da za a tambayi wanda ya dawo daga dubiyar mara lafiya. A zaɓi ɗaya. A amsa kuma, sifa tana bin "look" kai tsaye, "she looks tired", suna kuwa sai da "like", "she looks like her mother".

Ɗaya ta ƙarshe, mai ban dariya in ba a kanka ta faɗa ba. "Look over" dudduba takarda ne. "Overlook" kuwa tsallake abu ne ba a gani ba, ko kau da kai daga gare shi. Mai neman aikin da ya rubuta "please overlook my application" ya roƙi a yi watsi da takardarsa da hannunsa.

Wani zai ce ai ana gane abin da yaron ke nufi. A kasuwa ana ganewa. A jarrabawar WAEC, insha'in da ake so ya kai kalmomi 450 yana da maki 50, kuma 10 daga ciki na tsabtar nahawu da rubutu ne, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Kuskure 20 ya share goman nan tas, kuma ba wuya yaro ya tara su kafin ya kai rabin shafi na biyu. Ga shi sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a.

Shawararmu ga malamai ita ce kowane ɗalibi ya ja layi uku a bayan littafinsa: na farko aikatau da 'yar rakiyarsa, na biyu kalmar Hausa guda da ta yi daidai da su, na uku jimlar da shi ya ƙirƙira, sau ɗaya da suna, sau ɗaya da "it" ko "him". Biyar a mako sun isa, kada a zuba masa hamsin rana ɗaya. Idan an gama da "look" cikin mako biyu ko uku, sai a shiga "put", "take" da "get". A bar "get" a ƙarshe, don ta fi sauran yawan rassa.

Wassalam.

Daga wasu malaman Turanci na sakandare,
Zariya.